KWALBATI MA HANYAR KIFI CE

Jawabin Kwamitin Aikin Gayya a taron ƙungiya na ƙarshen shekara, Wadata, Makurɗi

 

Kamar yadda aka saba, za mu fara da bayanin abin da kwamiti ya yi a bana. Mun share maƙabarta sau biyu, mun yashe lambatun bakin kasuwa kafin ruwa ya sauka, mun gyara famfon makarantar Islamiyya, sannan mata sun ci gaba da kai wa marasa lafiya abinci a asibiti. Duk wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa, Allah Ya saka masa da alheri. Amma akwai aiki guda da ya jawo mana surutu, har wasu na cewa wai 'yan kwamiti sun rasa abin yi, sun koma yi wa kifi hanya. To, yau za mu ba da amsa.

Jama'a, yawancinmu Kogin Binuwai ne ya ajiye mu a garin nan. Wani masunci ne, wani ɗan banda, wata tana suya, wani kuma dako yake yi a bakin kwata. Kowa a cikinmu ya ji masunta na kukan kifi ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza. Wasu dalilan sun fi ƙarfinmu, kamar Dam ɗin Lagdo da Kamaru ta kammala a 1982, wanda ya canza yadda kogin ke cika da janyewa. Amma akwai dalilin da ke gaban hancinmu.

Tarwaɗa da bargi da ire-irensu ba a tsakiyar kogi suke hayayyafa ba. Idan damina ta kankama ruwa ya fara hawa, sai su bi ƙananan rafuka su shiga fadama, su zuba ƙwai a cikin ciyawa. Can 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya, sai ruwa ya fara janyewa wajen watan Nuwamba su gangaro kogi. To, yanzu an shimfiɗa hanyoyin mota tsakanin kogi da fadamu da yawa, ƙofar da ta rage wa kifi ita ce kwalbati. In ta toshe, haihuwar shekarar a wannan fadama ta tafi ke nan.

Da muka zagaya tare da dattawan masunta, namu da na 'yan'uwanmu Jukunawa, illa uku muka gani. Ta farko, toshewa: leda, robobi, yashi da tsummokara. Ta biyu, ruwa ya zaizaye ƙasan bakin kwalbati, ta zama a rataye, ruwa na zubowa daga sama kamar indararo. Kifi ya zo, ya yi ta tsalle, ya gaji. Ta uku, bututun ya yi ƙanƙanta, ruwa na fita da ƙarfin da ƙaramin kifi ba zai iya kutsawa ba.

Ta farko mun iya mata da shebur da baro. Ta biyu kuma mun sayi duwatsu tifa guda, muka jera su hawa-hawa a ƙasan bakin kwalbati biyu, yadda ruwa zai taru ya kai bakin bututu. Da ruwan watan Yuli ya sauka, waɗanda suka je da tocila da dare sun ga tarwaɗa na wucewa da idonsu. Ta uku ba aikinmu ba ne, na injiniyoyi ne. Mun rubuta wa hukuma takarda muna roƙon duk lokacin da za a sake gini, a yi kwalbati mai faɗin rafin, a kuma binne gindinta ƙasa da ƙasan rafi domin yashi da tsakuwa su kwanta a ciki. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ya san irin wannan kwalbati ba kifi kaɗai take ceto ba, har da hanyar da gidajenmu.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne masu wannan tunani. A Jihar Washinton ta Amurka, a 2013, kotu ta umarci gwamnatin jihar ta gyara ɗaruruwan kwalbatocin da ke tare kifin salmon, bayan ƙabilun asalin wurin sun nemi haƙƙinsu na su. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 2018, hukuncin kuma ya tsaya.

Saura magana mai ɗaci, kuma tamu ce. Kwana kaɗan bayan mun buɗe hanya, sai ga mali da taru an dasa a bakin kwalbatin, ana kwashe kifi da cikinsa cike da ƙwai. Ba baƙi suka yi ba, yaranmu ne. Mun san halin da ake ciki, mun san cefane ba ya jira. Amma don Allah, wane manomi ne ke dafa irin shukarsa? Tarwaɗa guda mai ƙwai, dubban kifi ne a cikinta.

Don haka muna roƙon abu uku. Sarkin Ruwa ya zauna da takwarorinsa na Jukunawa da Tibi a hana su a bakin kwalbati lokacin hawan ruwa, domin in mu kaɗai muka bari, wani zai kwashe. Iyayenmu mata, a taimaka a daina zuba shara a lambatu. Matasa kuma, a watan Afrilu za mu sake fita, kowa ya zo da sheburinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.