Jawabin Shugaban Kwamitin Makaranta a Bikin Yaye 'Yan Rabin Aji da Buɗe Bargon Yara



Mai girma wakilin Sarkin Ruma, Hakimin Batsari, mai girma wakilin Yariman Katsina, Hakimin Safana, sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin biyu, limamai, dagatai da masu unguwanni, iyayenmu mata, jama'a, assalamu alaikum.

A bana mun gyara rijiya, mun yi wa azuzuwa fenti, mun dawo da yaran da suka daina zuwa. Sai kuma wannan bargo da ke rataye a bayana. Kowane yaro ya kawo ƙyalle daga gida: wani gefen zanen goyonsa, wata ragowar atamfar sallah, wani hannun tsohuwar shaddar babansa. Telolin kasuwa suka ba mu guntaye. A kansu yaran suka koyi launi da ƙidaya, iyaye mata suka zauna da zare da allura bayan la'asar, tela ya bi da keke. Akwai ƙyallayen da suka fito daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, masu su sun baro gida da abin da ke jikinsu kawai, amma suka yanko suka bayar. Iyayenmu, Allah Ya saka da alheri. Iyaye maza kuwa, waɗanda ban gani ba sai yau da aka ce akwai shinkafa, sannunku da zuwa.

Yanzu zan ajiye takardar nan. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta saka rabin aji cikin karatun kyauta. To, wa zai koyar? Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 an rufe makarantu, kowa ya san dalili, ba mu zargi kowa ba. Amma an buɗe. Yaro ɗan shekara biyar yana takowa daga unguwarsu kullum, malaminsa kuwa yana Katsina, sai ƙarshen wata a ji duriyarsa. Wasu ba su da aiki sai neman canjin wurin aiki. Tsoro gaskiya ne, mu ma a nan muke kwana. Wanda ba zai iya ba ya faɗa, a ɗauki 'ya'yanmu masu NCE da ke zaune a gida. Ku na baya, a yi shiru, da ku nake! Malama ɗaya ce ta riƙe ajin nan ita kaɗai tun farkon zango. Ranku ya daɗe, a kai wannan saƙo gaba.

Da sunan Allah na yaye waɗannan yara zuwa aji ɗaya, na kuma buɗe bargon. Malam Liman, a yi mana addu'a.