Gwajin Sabuwar Hanyar Koyarwa

Malamai da iyayen yara na Gombe,

Idan masu bincike suka zo gwada sabuwar hanyar koyarwa, sukan raba yara kashi biyu da ƙuri'a, a koyar da kashi ɗaya ta sabuwar hanya, ɗayan ta tsohuwa. Muna roƙon hedimastoci kada su tsince haziƙai su tura sabon aji, iyaye kuma kada su nemi alfarma. In haziƙan suka ci jarrabawa, wa zai san ko hanyar ce ta yi aiki, ko kuwa da ma ƙoƙarinsu ne?

Ko manyan masana sun yi irin wannan tuntuɓe. A 1970 Farfesa Fafunwa na Jami'ar Ife ya soma gwajin koyar da yara da Yarabanci shekara 6, aka kwatanta su da waɗanda suka koma Turanci bayan shekara 3. 'Yan Yarabanci suka yi fice. Amma da yake an ba su gwanin malamin Turanci su kaɗai, sai wasu suka ce, harshen ne ko malamin? Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu.