Na ƙarshe a duniya: da wane mudu aka auna mu?

Malamanmu, iyayenmu, ƴan'uwana matasa maza da mata na Sanam, da baƙinmu da suka taso daga Filinge da sauran garuruwan Kurfai, sannunku da zuwa.

Kowa a nan ya taɓa jin an ce Nijar ce ta ƙarshe a duniya. Wani in ya ji sai ya ce sharrin Turawa ne, wani kuma jikinsa ya mutu, ya fara lissafin kuɗin motar Agadas. To, kafin mu yi fushi ko mu karaya, mu tambaya: da wane mudu aka auna mu?

Ma'aunin na hukumar PNUD ne ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an soma shi a 1990. Wanda ya jagoranci ƙirƙiro shi ba Bature ba ne, Mahbub ul Haq ne, masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, tare da Amartya Sen ɗan Indiya. Hujjarsu ita ce kuɗin ƙasa kaɗai ba ya nuna yadda talaka ke rayuwa. Sai suka haɗa abu uku: tsawon rai, ilimi, da abin da mutum ɗaya zai samu a shekara in an raba arzikin ƙasa daidai.

A rahoton 2020, cikin ƙasashe 189, Nowe ce ta ɗaya, Najeriya ta 161, Nijar ta 189. Amma ku saurari abin da ke ciki. Jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran zai kai shekara 62, na Najeriya kuwa wajen 55. Wato a tsawon rai mun fi maƙwabciyarmu da matasanmu ke tafiya cin rani cikinta. Ba banza aka samu haka ba. Binciken 1992 ya nuna cikin yara 1,000, su 318 ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Na 2012 ya nuna sun ragu zuwa 127. Allurar rigakafi, gidan sauro, ƙananan ɗakunan shan magani na karkara da kulawa kyauta ga yara ƙanana da aka soma a 2006 duk sun taimaka. Ku tambayi iyayenmu mata irin ɓarnar da ƙyanda ke yi a da, su ne shaida.

To ina muka faɗi? A kuɗi an bar mu baya, wannan ba gardama. Amma ramin da ya fi zurfi shi ne ilimi. Ana ɗaukar duk wanda ya kai shekara 25 zuwa sama, a ƙirga shekarun da ya yi a aji. A Nowe kusan 13 ne, a Najeriya kusan 7, a Nijar 2 da ɗan ɗoriya. Mata kuma rabin na maza suke da shi.

Mudun nan yana da ɓula, a faɗi gaskiya. Wanda ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya yi shekaru gaban malami yana karatun littattafai, a takardarsu ba shi da shekara ko ɗaya. Ba a auna gayya, ba a auna damin hatsin da maƙwabci ke miƙo maka in rumbunka ya ƙare kafin kaka. Kuma lissafi ne na jimla: ɗan Yamai mai famfo a tsakar gida da yarinyar da ke jan wasaki a rijiyar ƙauye, an zuba su a ƙwarya ɗaya. Amma ɓular mudu ba ta cika rumbu. In an rubuto maka magani a gidan likita kana neman mai karanta maka, ko kana jiran a kawo ungozoma daga wani gari don babu ƴar garinku da ta yi karatun, ka san akwai gaskiya a lissafin.

Ga kuma inda abin ya zo kanku. Tunda sai mai shekara 25 ake ƙirgawa, yarinyar da ke CM2 yau ba za ta shiga wannan lissafi ba sai bayan shekara 13 ko kusan haka. In an cire ta bana, za ta yi sauran rayuwarta da shekara shida a aji. In ta kai BEPC, goma ke nan. Mun san rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a jihar Tillaberi, wannan ya fi ƙarfin ƙungiya. Amma yaron da ya bar aji don ba alƙalami da littafin rubutu, ko don ya faɗi jarrabawa sau ɗaya ba wanda ya ƙarfafa masa gwiwa, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Don haka shawarata ga shugabannin ƙungiya: kafin a koma makaranta a watan Oktoba, kowace unguwa ta rubuta sunayen yaran da suka bar aji cikin shekara biyu da suka wuce, da dalilin kowane. A je wa iyayensu da ladabi, tare da liman ko mai unguwa. Waɗanda suka yi nisa a karatu cikinku kuma su ɗauki dare biyu a mako suna yi wa ƴan CM2 bita bayan Isha'i. A taron baɗi mu karanta sunayen waɗanda suka koma.

Allah Ya yi mana jagora.