LACCA: JAM'IYYAR DA MANOMAN AMURKA SUKA KAFA

Mutanen kasuwa, na san wasunku sun rufe rumfa tun da sauran ciniki don su zo nan, saboda haka ba zan tsare ku da dogon surutu ba.

Kullum in aka ambaci Amurka sai a tuna da dukiya. Yau labarin matalautanta zan ba ku, watau manoman da suka gaji da bashi har suka kafa jam'iyyar kansu a 1892.

Bayan yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, masana'antu suka yi ta tashi. A 1860 hanyar jirgin ƙasa ba ta fi mil 30,000 da 'yan kai ba, amma kafin 1890 ta wuce mil 160,000. Reluwen kuwa na kamfanoni ne, ba na gwamnati ba. Inda layi guda ne tak ya ratsa gari, abin da kamfani ya yanka shi manomi zai biya, har ya zama wani lokaci kuɗin kai hatsi gari na kusa ya fi na kai shi nesa, domin can nesa akwai gasa.

Na kudu, masu noman auduga, nasu ya fi muni. Manomi ba shi da kuɗi a hannu da damina, sai ya tafi wurin mai kanti ya ɗauki gari da gishiri da yadi bashi, ya jinginar da audugar da ba ta ko tsiro ba. Kaya kuma farashi biyu gare su, na kuɗi hannu daban, na bashi daban, kuma na bashin ya fi tsada nesa. Da kaka mai kanti shi zai karɓi auduga, shi ke riƙe da littafi. In an yi lissafi sai a ce saura kaza, sai baɗi. Tun da amfanin gonarsa yana jingine, babu wani mai kanti da zai ba shi ko allura. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Ga farashi kuma kullum ƙasa ya ke yi. A 1894 laba guda ta auduga ba ta kai senti 5 ba, alhali senti 100 ke yin dala guda. A jihar Kansas, a 1889, masara ta faɗi har manoma suka gwammace su hura wuta da ita.

Ku 'yan kasuwa kada ku ce da ku a ke. Shi ma mai kantin bashi ya ke ɗauka wurin manyan dillalai da bankuna, da ruwa mai nauyi. Ya danne na ƙasa da shi ne, ana danne shi daga sama.

To, a jihar Teksas aka fara wata ƙungiya wajen 1877, sunanta Haɗin Kan Manoma. Ba da neman ƙuri'a suka fara ba. Masu lacca suka riƙa aikawa ƙauye ƙauye, mutane irinsu masu kanta a hannu, suna koya wa jama'a yadda a ke lissafin ruwan bashi da inda ribar audugarsu ta ke zuwa. Suka riƙa haɗa audugarsu su sayar a dunƙule, su sayi kaya a dunƙule. A 1888 kamfanonin da ke yin algarar ɗaure dilar auduga suka haɗa baki suka tsauwala kuɗi. Manoma suka ce sun fasa saye, suka koma ɗaure dila da yadin auduga, har kamfanonin suka sauko. Wannan ya ba su ƙarfin zuciya ƙwarai.

Amma babban shagon haɗin gwiwa da suka buɗe a birnin Dallas a 1887 bai daɗe ba ya durƙushe, don bankuna sun ƙi ba shi rance. A nan suka gane cewa wanda ya riƙe kuɗi da doka ya fi ƙarfin kowane irin adashi. Sai shugabansu Charles Macune ya kawo shawara: gwamnati ta gina sito a gundumomi, manomi ya ajiye amfaninsa, a ba shi rancen kashi 80 cikin 100 na darajarsa da ruwa kaɗan, ya jira farashi ya tashi kana ya sayar. Manyan jam'iyyu biyu, Dimokurat da Rifablikan, suka yi kunnen uwar shegu.

Ran 4 ga Yuli 1892 suka taru a birnin Omaha da sunan Jam'iyyar Jama'a. Suka ce reluwe da waya su koma hannun gwamnati. Haraji ya bi samun mutum, mai yawa ya biya da yawa. A buɗe ajiyar kuɗi a gidan waya don talaka. A yi ƙuri'a a asirce ko'ina, domin a da kowace jam'iyya ita ke buga takardar ƙuri'arta, mai gonar da ka ke haya yana tsaye yana ganin wadda ka jefa. Kuma jama'a su zaɓi 'yan Majalisar Dattawa da kansu, maimakon 'yan majalisun jihohi su zaɓa musu. Wanda ya san labarin zaɓen hawa-hawa da aka yi a Arewa a 1951, inda talaka ya ci a unguwa a kayar da shi a sama, ba ya bukatar in yi masa bayanin wannan. Ɗan takararsu James Weaver ya sami ƙuri'a fiye da miliyan guda. Bai ci ba, amma ya tsorata manya.

Abu biyu suka kashe jam'iyyar. Na farko launin fata. Baƙaƙen manoma suna da tasu ƙungiyar daban tun 1886, don fararen ba su yarda su zauna da su ɗaki guda ba, ko da ya ke littafin bashi guda ne ya ƙunshe su duka. Inda suka haɗa ƙuri'a sun ci, kamar a Karolina ta Arewa a 1894 da 1896. Masu mulki suka amsa da maguɗi da bindiga. A garin Wilmington, a 1898, fararen fata ɗauke da makamai suka kori zaɓaɓɓun shugabannin gari, suka kashe baƙaƙe da dama. Sa'an nan jihohin kudu suka sa harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu. A Luwiziyana baƙaƙe masu rajista sun fi 130,000 a 1896; a 1904 saura 1,342. Wannan tarko ya kama fararen talakawa masu yawa su ma. Tom Watson na Jojiya, wanda a 1892 ya ke kiran fari da baƙi su haɗu, daga baya shi ya zama gaba wajen zagin baƙaƙe. Ni a ganina wannan ya fi faɗuwa zaɓe ciwo.

Na biyu ƙawance. A 1896 Dimokurat suka ɗauki magana guda daga cikin buƙatunsu, ta buga kuɗin azurfa don kuɗi su yawaita, suka tsayar da William Jennings Bryan. Jam'iyyar Jama'a ta bi shi, ta bar sauran buƙatun a baya. Masu masana'antu suka zuba wa William McKinley miliyoyin daloli, ya ci. Ƙaramar jam'iyya ta shiga cikin babba ba ta fito da ƙarfinta ba, bayan 1908 kuwa ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Duk da haka abin da aka kira hauka a 1892 ya yi ta zama doka ɗaya bayan ɗaya. A 1906 aka ba hukuma ikon yanka wa reluwe iyakar kuɗin ɗaukar kaya. A 1910 aka yi dokar ajiya a gidan waya. A 1913 aka gyara tsarin mulki sau biyu, aka halatta harajin samu, aka ba jama'a zaɓen dattawa. A 1916 aka yi dokar rance ga manoma. Waɗanda suka zartar da su 'yan manyan jam'iyyun nan ne da suka yi musu dariya. Reluwe dai bai zama mallakar gwamnati ba. Jikokin baƙaƙen manoman nan kuwa sai da suka jira dokar 1965 kafin ƙuri'arsu ta dawo.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.