GIDAN GWANI A KASUWA: TSOFFIN GINE-GINE DA FARASHIN GIDAJE A ƘASAR GWARZO DA KABO



Ni ba magini ba ne, ba kuma dillali ba. Aikina nazarin harshe, kuma ta ƙofar harshe na faɗo cikin wannan batu. Sa'ad da nake tattara kalmomin magina a ƙasar Kabo, an kai ni gidan wani tsohon magini wanda ya daɗe da rasuwa, mutumin da ake cewa shi ya gina mafi yawan sorayen garinsu. Zauren gidan yana nan da tulluwarsa da bakan gizo guda huɗu da suka haɗu a tsakiya, ko tsagewa babu. Magada sun sa gidan a kasuwa. Da na tambayi dillali nawa suka sa wa zauren, sai ya dube ni ya ce, "Malam, ai ƙasa ake sayarwa. Ginin kuwa, sai ma an rage wa mai saye kuɗin rushewa." Wannan magana ita ce tushen laccata ta yau.

Bari in fara da wata ƙasa mai nisa, don mu sami abin kwatance. A Amurka an yi wani mai zana gine-gine, Frank Lloyd Wright, wanda ya rasu a 1959. Gidan da ya gina wa kansa a 1889 a Oak Park, kusa da birnin Chicago, ya bi hannaye da dama bayan ya bar shi, har aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki ana ba 'yan haya. Wajen 1974 masu kishin kayan tarihi suka tashi aka saye shi, aka yi shekara goma sha uku ana gyara, har aka mayar da shi kamar yadda yake a 1909. Na shiga gidan lokacin da nake karatu a waje, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a can sunan magini kansa kuɗi ne. Gida biyu za su tsaya a layi ɗaya, girmansu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya tsada don kawai an san hannun da ya zana shi.

To, mu ba mu da gwanaye ne? Muna da su, har ma muna da wanda ake kira Babban Gwani, watau Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke amsa sunan Babban Gwani. Ana danganta masa ginin Gidan Madaki a Kafin Madaki ta ƙasar Bauci. Labarin baka ya ce a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, wai bayan ya gama wani masallaci sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin yana nuna cewa mutanen da sun san hannun gwani abu ne da ake kishi a kansa. Amma ku dubi abin da ya sami aikinsa. A shekarun 1970 aka yi sabon ginin siminti a kan masallacin Zariya, abin da ya rage na tsohon yana ciki a lulluɓe. Wanda yake son ganin siffarsa ta waje sai ya tafi Jos, inda wani Bature ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, wanda ya auna ginin tun kafin a taɓa shi, ya sa aka yi kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya. In wannan ne rabon aikin Babban Gwani, ina ga na ƙaramin gwani a Garo ko Getso, wanda babu Baturen da ya taɓa auna zaurensa?

Yanzu mu koma kan hanyar Gwarzo. Wanda ya tashi daga Kano ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya bi ta Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya isa Gwarzo, zai ga yadda birni ke cin gona. Kuɗin fuloti yana bin nisa daga Kano, yana bin kusanci da kwalta, da kasuwa, da sakatariyar ƙaramar hukuma. Gidan da ke bakin titi a Gwarzo, inda za a iya fitar da shaguna huɗu, ya ninka wanda ke cikin lungu ko da na lungun ya fi shi kyau da faɗi. Duk cikin wannan lissafi babu inda aka sa gini, sai in na bulo ne da kwano. Harshenmu ma ya nuna haka. Da, in an ce mutum yana da soro, ana nufin mai hali ne. Yau in an ce "gidan ƙasa", an kusa cewa gidan talaka ke nan. Kalma ba ta sauya ba, darajar ce ta juya.

Yaushe ta juya? A ganina a tsakiyar shekarun 1970 ne, lokacin kuɗin man fetur. An biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kuma a shekarar nan ce jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas. Daga nan duk ɗan ƙauyen da ya sami aikin albashi, burinsa na fari shi ne ya rushe zauren ubansa ya yi na bulo, don a san ya samu. Sa'an nan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora amanar ƙasa a hannun gwamnan jiha, ta ƙauye kuma a hannun ƙaramar hukuma, hankalin mutane ya ƙara komawa kan takardar fili. Ba na zargin kowa a nan. Gidan ƙasa yana da wahala. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba indararo, an toshe tsaga, an yi yaɓe. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya kwana yana tarbar ruwa da tasa a watan Agusta ba zai saurari laccar malamin jami'a a kan kyawun bakan gizo ba.

Akwai kuma maganar gado, wadda ita ce ke kai mafi yawan tsoffin gidaje kasuwa. Maigida ya rasu, an fitar wa matansa tumuni, sauran a raba wa 'ya'ya, namiji rabon mace biyu. Zaure ba ya rabuwa gida goma sha biyu. Saboda haka sai a yi masa kuɗi, kuma da yake babu magajin da zai iya biyan 'yan'uwansa, sai a kira dillali. Alhali kuwa shari'a ta buɗe ƙofa biyu da ba mu cika amfani da su ba. Ɗaya ita ce shufu'a, watau haƙƙin abokin tarayya ya fanshi rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare kafin a raba. Ɗayar kuma waƙafi, inda mai gida tun yana da rai zai tsayar da zaurensa ya zama makarantar allo ko wurin zaman jama'a, ba a sayarwa, ba a gado.

To, a ce wani mai hali ya sayi irin wannan gida da niyyar gyara. Anan ne zai ga abin da Ba'amurke bai gani ba, domin shi Ba'amurke ya tarar da zane a takarda, mu kuwa zanenmu yana cikin kan magini ne. Da fari sai ya nemi azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ya wuce kimanin ƙafa shida, don haka gwani ke jera ta hawa-hawa daga bango biyu, yana ɗaurewa yana yaɓewa, har su haɗu su zama baka. Giginyar ta yi ƙaranci, mai wannan ɗauri ya fi ta ƙaranci. Sa'an nan tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya, a jera shi gindi ƙasa kai sama. Sa'an nan makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasar shafe da shi don ruwa ya zame. Sa'an nan laso na saman soro, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin awaki da dafara. Ku lura, in marina ta mutu katsi ya mutu, in katsi ya mutu laso ya bi shi. Sana'o'in nan a sarƙe suke, ba a ceto ɗaya a bar saura. Na gwada ɗalibaina da waɗannan kalmomi, kaɗan ne suka san fiye da biyu.

Babban kuskuren masu gyara kuwa shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. In an rufe shi, danshin ya rasa hanya, sai ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata rana simintin ya ɓalle kamar ɓawon gyaɗa, bangon ya biyo shi.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa. Gidan Makama yana nan a Kano, gidan tarihi ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, yana nan. A Jamhuriyar Nijar kuma, a garin Yama ta yankin Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa baka da hasumiyoyi, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Amma biyun farko hukuma ce ta riƙe su, na ukun kuma jama'ar gari. Abin da ba mu da shi shi ne mutum ɗaya da zai sa kuɗinsa ya sayi gidan gwani don gidan gwani ne. Wataƙila tsadar siminti za ta yi abin da nasiha ta kasa, domin a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma, kuma na ji masu ƙaramin ƙarfi a ƙauyukan Gwarzo suna sake tambayar ina masu tubali.

Shawarata ga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo ƙarama ce, ba ta bukatar kwangila. A sa dagatai da masu unguwanni su lissafa tsoffin zauruka da soraye da masallatan ƙasa da suka rage, da sunan wanda ya gina kowanne in ana tunawa. Mu kuma a jami'a mu aika ɗalibai da rakoda da abin awo, su zauna da tsofaffin magina kafin su ƙare. In suna ya hau takarda, dillali zai fara samun abin faɗa ban da faɗin fili.

Gidan nan na ƙasar Kabo kuwa, na koma bayan damina biyu da niyyar ɗaukar hoton tulluwar daga ciki. Na tarar da shaguna uku da ƙofofin ƙarfe. Azarar, in ji wani maƙwabci, wani ne ya saye ta da arha ya yi wa awakinsa rumfa, kuma ya ce ko ɗaya gara ba ta taɓa ba.