Lissafin Wutar Lantarki: Ilimin Aji da Ke Tsare Gida da Aljihu



Batun da muka kawo yau ya shafi allon ajinmu, ya kuma shafi ɗakunan da iyalanmu ke kwana. Ƙarancin wuta ya sa da yawanmu mun shiga adashe ko mun ci bashi mun haɗa sola da batir da inbata. Sau da yawa sai a bar wa mai haɗi dukkan lissafin, alhali lissafin bai wuce sau da rabawa da muke koya wa 'yan aji biyar ba.

Abubuwa huɗu ne ake aunawa. Duk wanda ya ga injin ban ruwa a fadama lokacin noman rani zai gane su. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo shi ne amfiya. Matsin da siririn tiyo ke yi wa ruwan shi ne turjiya, ana auna ta da om. Aikin da ake samu daga ƙarshe, shi ake kira wat.

Ƙa'idojin biyu ne. A raba bolt da amfiya, a sami om. A yi sau na bolt da amfiya, a sami wat. Ta farkon ta fito ne daga hannun Georg Ohm, ɗan wani maƙerin kwado a ƙasar Jamus, wanda malamin makaranta ne kamar mu a birnin Kolon. Ya buga littafinsa a 1827, manyan masana suka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar girmamawa. Yau da sunansa ake auna turjiya a duniya baki ɗaya.

Mu fara da tocila mai batir biyu. Kowane batir bolt 1.5 ne, biyun sun ba da bolt 3. Idan ƙwan yana jan amfiya 0.3, turjiyarsa om 10 ke nan, cin wutarsa kuma wat 0.9. Wannan misali ɗalibi zai iya warware shi a littafinsa, ya kuma riƙe tocilar a hannunsa.

Yanzu mu shiga gida. Dutsen guga mai wat 1,000 idan aka jona shi a wutar gari mai bolt 230, amfiya 4.3 yake ja. Amma idan aka ɗora shi a kan inbata mai batir na bolt 12, sai a raba 1,000 da 12, a ga batirin zai fitar da fiye da amfiya 83. Aiki ɗaya ne, amma abin da ke bi ta wayar ya ninka kusan sau ashirin. A ce wayar da ke tsakanin batir da inbata siririya ce, mai turjiyar om 0.05. A yi sau na 83 da 0.05, a ga fiye da bolt 4 sun salwanta a hanya. A sake yin sau na wannan da 83, a sami wat wajen 345 da suka koma zafi cikin wayar kanta. Da haka roba ke narkewa, gobara ta tashi cikin dare, Allah Ya tsare mu. Shi ya sa wayar batir take zama mai kauri kuma gajeriya, a sa mata fiyus. Rigakafi ya fi magani.

Lissafin yana kare aljihu ma. Batirin da aka rubuta wa 12V 100Ah, a yi sau na 12 da 100, a sami 1,200: wato zai iya ba da wat 1,200 na tsawon awa ɗaya, a takarda. Batir mai ruwa kuwa idan ana so ya yi ƙarko, rabinsa ake sha, saura 600. Ƙwai uku masu wat 10, da fanka mai wat 50, da talabijin mai wat 40, sun haɗa wat 120. A raba 600 da 120, awa 5 ke nan, inbata ma zai ci nasa rabo. Wanda ya san haka, mai shago ba zai yi masa alkawarin kwana da fanka a zafin Afrilu ya yarda ba.

Saboda haka muna ba reshe shawara biyu. Ta farko, mu shigar da irin waɗannan misalai cikin darasin lissafi da kimiyya, yara su kwafo lambobin da ke jikin ƙwai da caja na gidajensu, mu warware tare. Gwaji kuwa da batirin tocila kaɗai za a yi, kada yaro ya kusanci soket. Ta biyu, duk ɗan ƙungiya da zai sayi kayan sola, ya zauna da abokin aikinsa su lissafa wat ɗin gidansa kafin ya fitar da kuɗi, sannan ya kira ƙwararren mai haɗi.

Allah Ya sa albarka a koyarwarmu, Ya ba yankinmu zaman lafiya, Ya tsare ɗalibanmu da iyalanmu.