Injin Yankan Kara: In Saya Ne Ko In Yi Haya?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a unguwar Dukawuya cikin birnin Kano. Ya ce yana da 'yar gona a bayan gari inda yake noma dawa da masara, a gida kuma yana turke raguna shida da ɗan bijimi ɗaya. Kowace kaka kara yakan taru ya cika masa gona da ƙofar gida, dabbobin su ci ganye su tattake sauran. An yi masa tallar wani ƙaramin injin yankan kara mai araha, ga shi kuwa akwai mai ba da haya. Ya ce kuɗin da zai saya da su na sayen raguna ne, shi ya sa yake neman shawara.

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya bar zumunci. Ga amsa a taƙaice tun daga farko: yadda ka kwatanta aikinka, bana ka yi haya. Bari kuma mu gaya maka dalili, domin sauran manoma da 'yan kasuwa su auna da nasu halin.

Da farko dai, yanka kara abu ne mai kyau. In aka daddatsa shi ƙanana, dabba ba ta iya zaɓe, ɓarna ta ragu, ga shi ya shiga buhu ya daina cin wuri. Har ila yau, tsutsar nan mai huda karan dawa da masara a cikin busasshen kara take yin rani, ta jira damina ta koma gona. In an niƙe karan, an rage ta ke nan. Wannan ya fi banka wa gona wuta nesa ba kusa ba. Amma fa ka sani, inji ba ya ƙara wa kara maiƙo. Sinadarin gina jiki da ke cikin busasshen karan dawa kaɗan ne, bai kai rabin na harawar wake ko ta gyaɗa ba. Sai ka haɗa da harawa, da dusa, da ƙuli ko dusar auduga, da ɗan gishiri, sa'an nan rago zai yi ƙiba.

Sai maganar kuɗi. Ɗauki alƙalami ka amsa tambaya guda: kwana nawa injin zai yi aiki a shekara? Ga misali, kai kuma ka sa farashin da ka jiyo a kasuwa. A ce injin Naira 400,000 ne, hayarsa kuma Naira 10,000 a yini. Wato sai ka yi haya ta kwana 40 kafin ka kashe kuɗin inji guda. Karan gonarka in ya yi yawa ya ci kwana 4. Ka ga sai bayan shekara 10 injin zai mayar maka da kuɗinka, in ma bai taɓa lalacewa ba. Injin araha kuwa da wuya ya kai haka, don Hausawa sun ce araha ba ta ado. Su kuwa kuɗin nan in ka zuba su a raguna daga kasuwar Wudil ko ta Ɗambatta, kafin Babbar Salla sun juya sun dawo da riba. Inji yana jingine a zaure wata goma sha ɗaya yana cin tsatsa, jarinka ne yake barci.

Kada kuma ka manta, kuɗin saye somin-taɓi ne. Irin waɗannan ƙananan injuna yawanci da injin fetur mai ƙarfin doki 5.5 ko 6.5 ake haɗa su, irin na injin ban-ruwa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta yi ta hawa, har ta haura Naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Mai dai ko haya ka yi za ka saya. Abin da ke kan mai inji shi kaɗai shi ne gyara: baƙin mai da ake sauyawa bayan awa 20 na farko, daga nan duk bayan awa 100, da bel, da boris, da fulogi, da wasa wuƙaƙe, da matatar iska da ƙurar kara ke toshewa. Darajar Naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023, saboda haka duk kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje sun yi tsada.

Ita ma hayar ba mu ce ba ta da nata ciwon kai ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Daga Nuwamba zuwa Janairu kowa neman injin yake yi, sai ka bi layi. Maganin wannan shi ne ka kama rana tun kafin girbi. Ka tara karan wuri guda, ya bushe sarai, ka ware gindin nan mai kauri don danni da makamashi, ka tanadi buhunanka, domin kada injin ya zo kuna biyan kuɗi yana zaune. Ku yi magana a gaban shaidu: da yini za a biya ko da buhu? Man wa za a zuba? In wuƙa ta karye, wa zai gyara? Mafi sauƙi, ka ɗauko shi da mai tuƙa shi, abin da ya lalace a hannunsa ba ruwanka.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai da kake zaune cikin birni. Gidajenku katanga da katanga suke, injin nan kuwa ga ƙara ga ƙura. Maƙwabci yana da hakki, wani yana da tsoho ko mai ciwon asma a gida. Gara a kai injin gona a yanka a can. Kara a buhu ya fi sauƙin ɗauka a kan kura ko a-kori-kura da dami-dami, kuɗin dako ma ya ragu.

To wane ne ya kamata ya saya? Mutum biyu. Na ɗaya, mai shanu da yawa wanda injin zai yi masa aiki duk tsawon rani. Na biyu, wanda zai mai da shi sana'a, yana bin ƙauyuka yana yanka wa jama'a, ko ya sayi kara ya niƙa ya sayar wa masu kiwo. Ko kuwa ku haɗu ku biyar ko goma ku saya tare, ku naɗa mutum ɗaya mai kula da shi, kowa ya biya ɗan wani abu a asusun gyara duk ranar da ya ɗauka. A ƙasar Indiya, tun daga 2014 gwamnati take tallafa wa cibiyoyin ba da hayar kayan noma, don sun lura ƙaramin manomi ba ya iya ciyar da inji shi kaɗai. Can ma akwai na hannu mai ƙafa kamar ta keke, ba ya shan mai, magina ƙarfe suna iya ƙera irinsa.

In ka kai ga saye, je da makaniki wanda ka yarda da shi, ku tafi da damin kararku a gwada a gabanku. Duba kaurin ƙarfen da kyan waldar. Kafin ka biya, leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka tabbatar ana samun kayan gyaransa. Ka kuma tuntuɓi malamin gona na hukumar KNARDA, maganar haɗa abincin dabbobi kuwa cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, ita ce gidanta.

Gargaɗi na ƙarshe, naka ne ko na haya: kada a tura kara da hannu har bakin wuƙa, a sa sanda. A tuɓe babbar riga, a naɗe hannun taguwa, a rufe hanci. A tsince dutse da ƙusa da waya. In ya cushe, a kashe shi ya tsaya cik kafin a taɓa. Kada a tayar da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa. Yara kuma a kore su nesa.

Saboda haka Malam, bana ka yi haya, ka rubuta kwanakin da ya yi maka, da man da ya sha, da buhunan da ka samu, da maƙwabta nawa suka tambaye ka inda ka samo shi. Baɗi wannan takarda ita za ta gaya maka ko lokacin saye ya yi. Allah ya sa albarka a kiwo, ya ba mu damina mai albarka.